Inda Gimbiya Ta Zauna

Ranar da ya fara aiki a kamfanin, abin da ya fara cin karo da shi wata mace ce zaune dirshan a tsakiyar ofis. Ta tuɓe takalmi, tana ɗaukar farar takarda sabuwa dal tana cukuikuyewa a tafin hannu, ta warware, ta ɗaga ta wajen taga, ta taɓe baki, ta jefar. Ya tsaya da jakarsa a kafaɗa yana kallon ikon Allah.

"Lafiya dai, baiwar Allah? Takardar ce ta yi miki laifi?"

Ba ta ko ɗago ba. "Kai ne sabon mai haske?"

"Ni ne."

"To ɗan matsa, ka tare min shi."

Kamfanin ƙarami ne, a saman wani shagon kujeru yake, tallace-tallace suke haɗawa da zanen kwamfuta. Wasu su zana siffar abu, wasu su sa shi motsi. Ita aikinta ta ba abin fata: in katako ne a ga jijiyarsa, in takarda ce a ga ta sha hannu. Takarda ta fi ƙwarewa a kai, shi ya sa kowa a ofis, har manaja, Mai Takarda yake kiranta. Shi kuma an ɗauke shi ne ya riƙa dasa fitilun ƙarya a cikin kwamfuta, ya daidaita haske da inuwa har hoton ya fito kamar da kyamara aka ɗauka. Kafin a tashi aiki ran nan ya zama Mai Haske.

Sabon ma'aikaci ba ya rasa rawar kai. Washegari ya kira ta gaban kwamfutarsa, ya ce ta daina wahalar da hannunta, akwai manhajar da ke yamutsa takarda da lissafi. Ya danna, sai ga takarda a allo ta yamutse tsaf.

Ta duba, ta sake dubawa. "Ta yi kyau. Amma wannan takardar ba ta taɓa shiga hannun mutum ba."

"Ta yaya kika sani?"

"Ko'ina yamutsarta ɗaya. Hannu ba ya adalci haka. Inda babban yatsa ya danne daban, inda tafi ya rufe daban." Ta miƙa masa fara guda. "Ungo, cukuikuye."

Ya karɓa da hagu, don bahago ne, ya matse ta kamar mai jin haushinta. Ta warware a hankali, ta shimfiɗa a kan teburinta, ta kashe fitilar sama, ta kunna wata 'yar fitila ta kwantar da ita a gefe. Hasken ya bi takardar a kwance, kowane kari ya tashi da inuwarsa. Duk layukan sun karkata hagu, a ƙasa kuma guda uku sun haɗu sun yi kamar sawun kaza.

"Ka gani? In takarda ta miƙe sumul, haskenka ba shi da inda zai kama. Wucewa kawai zai yi."

Shi dai ba takardar yake kallo ba, kuma ta sani. Ta ɗauki hoton takardar ta ɓangare huɗu kamar yadda take yi wa kowace, ta shigar a kwamfuta. Sai dai ba ta zuba ta cikin ma'ajiyar da kowa ke ɗiba ba. Ta tura masa kwafi, ta ɓoye nata, ita kuma takardar ta sa ta a durowa. In da an tambaye ta dalili a lokacin, da ta ce don aiki ne, kuma da ta yi ƙarya.

Abin ya tafi a hankali. Shayi kofi biyu maimakon ɗaya, rakiya zuwa bakin titi, saƙo da ba shi da alaƙa da aiki.

"Takardata, kin isa gida? Tun da kika fita ofis ɗin ya yi duhu, na ƙara fitila uku a banza."

"Na isa. Ka rage zaƙin baki, ka gama aikin mutane."

Ta karanta saƙonsa ya fi a ƙirga kafin ta ba da wannan busasshiyar amsar. Da ta ga abin yana neman ya fi ƙarfinta, sai ta tare shi wata rana a matattakala, ta ce akwai maganar da gara ya ji daga bakinta. Ta taɓa aure. Bai yi ƙarko ba, mutumin ba mugu ba ne, amma zama da shi kamar zama da bango ne. Ta fito da 'ya mace, yanzu shekararta huɗu, kakarta ta laƙaba mata Gimbiya saboda mulkinta. Duk wanda zai so ta, to su biyu ne.

Ta gama ta sunkuyar da kai tana jiran abin da ta saba gani: murmushin ladabi, sannan a fara ja da baya.

Sai ya yi dariya. "Ashe abin da ya sa kike ɗaure min fuska ke nan? Ni ma ai ɗan wani ne. Mahaifina ya rasu ina goye. Wanda nake kira Baba ya auri Mama ne ina kan cinyarta, kuma har yau bai taɓa nuna min ba shi ya haife ni ba. Yaushe za ki kai ni in gaida Gimbiya?"

A wannan matattakalar ta ba shi zuciyarta gaba ɗaya, ba ta rage ko kaɗan don gudun ko-ta-kwana ba.

Gimbiya ba ta saba da baƙi da wuri, amma shi rana ɗaya ta ishe ta. Ta sa masa Kawu Haske, ta mayar da aljihunsa shagon alewa. Wata Asabar da yamma ya kai su wurin wasan yara. Mai Takarda ta zauna a benci cikin doguwar riga shuɗiya marar ado, Gimbiya ta ɗare cinyarta da takalmi da komai, ta kwantar da kai a ƙirjinta. Rana ta yi sanyi, hasken ya zo ta gefe yadda yake so. Ya ɗaga waya ya ɗauka.

"Wannan hoton," in ji shi, "ko da kuɗi ba zan iya haɗa haskensa ba."

Watanni suka wuce. Ummanta ta fara tambaya ko mutumin nan na da manya. Duk lokacin da ta taɓo masa maganar gida sai ya ce, "Mama tana gaishe ki. Ta ga hotonki, ta ce kin yi mata. Ki ƙara min ɗan lokaci kawai, Takardata." Ita kuwa mai son abu ba ta da wuyar lallashi, sai ta ƙara masa.

Ran nan ya fita kai aiki wurin masu talla, sai ga wata budurwa mai fara'a ta shigo ofis tana tambayar Mai Takarda. Ƙanwarsa ce. Ta ce ta gaji da jin labari, ta zo ta ga matar Yaya da idonta.

"Wallahi kin fi hoton kyau. Kin san Mama ta hana kowa sakat da hoton nan? Duk wadda ta shigo gidanmu sai an nuna mata." Ta zaro waya ta miƙa mata.

Ga bencin. Ga shuɗiyar rigar, ga hasken yamma a gefen fuskarta, ga murmushinta. Hannayenta biyu a kan cinya, sun zagaye babu komai. Babu Gimbiya.

Da farko ta ce wa kanta wani hoton ne daban, wataƙila ya ɗauka lokacin da yarinyar ta sauka. Ta sa yatsu biyu ta buɗa hoton, ta matso da cinyar. Aikin ya yi kyau, ba za ta hana shi wannan ba. An cike gurbin da launin rigar, an daidaita inuwa. Amma wurin da aka cike sai ya fito sumul, ya bambanta da sauran rigar, don haka aka nemo yamutsa aka shimfiɗa a kai don ya saje. Duk duniya ba mai ganewa sai ita. Ninkin yadi taushi gare shi, wannan kuwa kaifi ne da shi irin na takarda. Layukan sun karkata hagu. Can wajen gwiwa guda uku sun haɗu kamar sawun kaza.

Takardarsu ce. Da ita ya rufe inda 'yarta ta zauna.

"Yaya ya ce tun kina makaranta ba ki taɓa kula kowa ba sai shi," in ji ƙanwar tana dariya. "Lafiya, Anti? Idonki ya yi ja."

"Allon kwamfuta ne," ta ce. Ta raka ta har ƙasa, ta ce a gaida Mama.

Da ya dawo ta jira shi a matattakalar nan dai. Ba ta ɗaga murya ba.

"Awa nawa ya ɗauke ka?"

"Me fa?"

"Cire ta. Na san aikin, ba abin minti biyar ba ne. Gashinta ya hau wuyana, takalminta ya danne rigata. Sai ka zauna ka bi gefenta a hankali, ka goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Duk tsawon lokacin nan kana kallon fuskarta, hannunka bai yi rawa ba?"

Jakar ta zame daga kafaɗarsa. Ya fara bayani yana haɗa kalmomi da ƙyar. Mama ta sha wuya a hannun dangin Baba saboda ta shigo da ɗa, shekara da shekaru ana yi mata gori. Ta rantse ɗanta ba zai jawo wa kansa irin wannan surutun ba, budurwa zai aura. Shi nufinsa ta fara sonta tukuna, in ta shiga ranta sai ya faɗi sauran a hankali.

"Sauran," ta maimaita. "'Yata ce sauran."

"Ba haka nake nufi ba, Takardata."

"Kar ka sake kirana haka. Da wani ne ya yi, da na ce bai sani ba. Amma kai? Kai da aka auri mahaifiyarka kana kan cinyarta?"

Ta hau sama ta ɗauki jakarta. A gida Gimbiya ta tare ta a ƙofa tana lalube hannunta ko Kawu Haske ya aiko da alewa. Ta ɗauke ta ta ɗora a cinya, ta ƙanƙame ta har yarinyar ta ce, "Mami, kina matse ni." Sai a lokacin kukan ya zo.

Baƙin cikin rabuwa da wanda kuke ofis ɗaya daban ne. Tebur biyu ne kawai tsakaninsu. Tana jin tarinsa, tana jin ƙarar kujerarsa, ta san lokacin da ya juyo yana kallonta ko ba ta ɗago ba. Aiki kuma bai san an ɓata ba, dole ta tura masa fata ya sa mata haske. Ta rame har manaja ya tambaya ko ba ta da lafiya. Shi ma ya bar gemu ya yi buzu-buzu, abin da ta gani ta yi kamar ba ta gani ba. Saƙonninsa suna shigowa, tana karantawa, ba ta amsawa.

"Ban cancanci ki saurare ni ba. Ina so ki sani kawai, ainihin hoton yana nan, ban taɓa goge shi ba. Kullum sai na buɗe na ba Gimbiya haƙuri."

Ana cikin haka tsohon mijinta ya turo yayarsa wurin Umma, wai ya yi nadama, a duba yarinya a mayar da aure. Umma ba ta tilasta ba, amma ta zaunar da ita.

"Ni dai ban ce kina sonsa ba. Amma ubanta ne. Duk lalacewarsa ba zai ji kunyar nuna ta ba."

Maganar ta soke ta saboda gaskiya ce. Ta ce a ba ta lokaci ta yi tunani. Ta san in ta koma, Gimbiya za ta sami uba a gida, ita kuma za ta koma zama da bango har ƙarshen ranta. Ta fara gaya wa kanta cewa wannan ba tsada ba ce.

A makon ne aka kawo musu wani talla. Masu shi suna so a ga takarda a cukuikuye, sannan ta warware da kanta ta koma sabuwa. Manaja ya tara su gaban kwamfutar Mai Haske. A manhajar akwai ɗan maɓalli da ake ja: dama yamutsa ta ƙaru, hagu ta ragu. Mai Haske ya ja shi hagu a hankali, karin ya riƙa nutsewa ɗaya bayan ɗaya har takardar ta yi fes. Kowa ya yaba.

"Ya kika gani?" manaja ya tambaye ta.

"Ya iya," ta ce. "Dama ya ƙware a wannan."

Ta ga hannunsa ya saki linzamin kwamfutar. Ya miƙe ya ce wa manaja yana neman izini, akwai abin da ya kamata ya yi a gida tun tuni. Ya kwana biyu bai zo aiki ba, ita kuma ta tsani kanta da yawan kallon kujerarsa.

Ranar hutu da hantsi tana wanki aka yi sallama. Wata dattijuwa ce mai tsabta, riƙe da ambulan babba. Tun kafin ta faɗi ko ita wace ce Mai Takarda ta gane mahaifiyar Mai Haske ce, don idanunsa ne sak. Ta durƙusa ta gaishe ta, Umma ta shimfiɗa darduma, aka kawo ruwa. Gimbiya ta leƙo daga bayan labule.

Dattijuwar ta daɗe tana kallon yarinyar. Sannan ta zaro hotuna biyu da aka wanke, ta jera su a ƙasa, mai Gimbiya da marar Gimbiya.

"Shi ya kawo min su da hannunsa," in ji ta. "Ya durƙusa gabana da Babansa ya faɗi abin da ya yi. Ni kuma, 'yata, ba zan ɓoye miki ba, faɗa na fara. Na ce bazawara mai 'ya, ba da ni ba. Ina cikin faɗan sai Babansa ya tashi ya shiga ɗaki. Mutumin nan ba mai magana ba ne. Ya fito da hoton aurenmu, ya ajiye kusa da waɗannan, ya koma ya zauna."

Ta ce ranar aurensu dangin miji sun so a ɗauke yaron daga cinyarta kafin a ɗauki hoto, wai kada ya ɓata tarihi. Angon ya ce in an ɗauke yaron shi ma ya tashi. Haka aka ɗauka, yaron yana kuka, ya jiƙa mata zani.

"Na sha gori har na manta wanda ya tsaya min, na riƙe waɗanda suka zage ni kawai. Tsorona na zuba wa yaron nan, ya je ya yi wa 'yarki abin da aka so a yi masa. Laifinsa nasa ne, ban zo wanke shi ba. Nawa na zo ba da haƙuri a kai."

Ta miƙa hannu wajen labule. "Zo nan, kishiyata, in gan ki da kyau." Gimbiya ta tako da mulkinta, ta duba baƙuwar sama da ƙasa, ta haye cinyarta da takalmi. Umma ta juya tana share ido da bakin mayafi.

"Yana waje," in ji dattijuwar. "Na ce kar ya kuskura ya shigo sai an kira shi."

Mai Takarda ta dubi hotunan biyu. Zuciyarta ba ta huce ba, kuma ba ta yi kamar ta huce ba. Daga ƙarshe ta ce, "Ba ni ya cire ba, Mama. Wadda ya cire ita zai tambaya."

Ya shigo kansa a ƙasa, ya gaida Umma. Gimbiya ta yi tsalle za ta rungume shi, ya riƙe ta a hankali, ya durƙusa har tsayinsu ya zo ɗaya. Ya ɗauko hoton na biyu ya nuna mata.

"Gimbiya, kin tuna ranar da muka je lilo?"

Ta duba. Ta ɗaure fuska. "Ina ni?"

"Ni na cire ki. Na ji tsoro ne, na yi abin da ba shi da kyau. Ki yafe min."

Ta kalle shi, ta kalli hoton, ta ga babban mutum yana hawaye a kan abin da bai kai ya kawo ba.

"To ka mayar da ni mana."

Wani sauti ya kuɓuce wa Mai Takarda, ita kanta ba ta san dariya ba ce ko kuka. Ya ɗago ya dube ta, jira kawai yake.

"Ka ji abin da ta ce," ta faɗa tana goge fuska. "Amma ka sani, abin nan ba zai koma sumul ba. Zan riƙa tunawa."

"Ki tuna. Ni ma ba na so in manta."

Yayar tsohon mijin ta sami amsarta cikin mutunci: ƙofa a buɗe take ya zo ya ga 'yarsa duk lokacin da ya so, amma aure ya ƙare. Bayan 'yan watanni aka ɗaura na Mai Takarda da Mai Haske, Baba da kansa ya karɓa masa. Da sassafen ranar saƙonsa ya shigo.

"An ba ni izini in sake kiran sunan nan?"

"An ba ka. Kar ka makara."

"Takardata."

Da aka zo ɗaukar hoto, Gimbiya ta rigaya kowa hayewa cinyar amarya, ta murje mata kayan da aka kwana ana gogewa. Mai hoto ya ce a ɗan sauke yarinyar a gyara rigar, ko kuma a bari, shi zai miƙar da wurin a kwamfuta.

Ango da surukarsa da mahaifiyarsa suka ce "A'a!" kusan a tare, har mai hoton ya tsorata. Baba dai murmushi kawai ya yi, ya gyara tsayuwa a bayan ɗansa.

Hoton yana nan a falonsu, rigar amarya a yamutse daga gwiwa zuwa ƙugu, da sawun ƙaramin takalmi a kai. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya raya Gimbiya a inda ta zauna.